Katin SD yana yanke aiki da kuskuren -110 da -84: ina ake neman matsalar lokaci a direba?

Tambaya: Ina gyara direban katin SD, wato manhajar da ke sarrafa katin, a wani bod mai furosesar ARM da ke aiki da Linux. Kati yana bayyana lafiya, ƙananan fayiloli suna kwafuwa. Amma da na tura babban fayil sai aiki ya tsaya, dmesg (rahoton saƙonnin kenel, zuciyar Linux) ya nuna -110, wani lokaci -84, kuma abin ya fi yawa a 50 MHz. Idan na sa printk (buga saƙo) ko udelay (ɗan jinkiri) kafin aika umarni, matsalar sai ta ɓace. In bar jinkirin a wurin ne, ko akwai gyara na gaskiya?

Amsa:

Kada ka bar shi, Malam. Idan printk ya kawar da matsala, to akwai wani sharaɗi da ya kamata direba ya jira bai jira ba, jinkirin ne ya rufa masa asiri. Duba girman abin da ka saka ba da saninka ba. A layin siriyal mai gudun 115200, kowane harafi yana cin kusan maikrosakan 87, saƙo mai harufa 60 ke nan ya ci milisakan 5. A agogon 50 MHz wannan bugu 250,000 ne. Kusan kowane irin rige-rige, wato wani aiki ya riga wanda ya kamata ya jira, zai ɓuya a cikin wannan sararin, sai ranar da aka sa katin wani kamfani ko bod ya ɗau zafi ya sake ɓullowa.

Sannan lambobin nan biyu ba ciwo ɗaya ba ne. -110 shi ne ETIMEDOUT: an jira abu bai zo ba har wa'adi ya cika. -84 shi ne EILSEQ: abu ya zo, amma CRC ɗinsa, wato lambar tantance ko ya iso lafiya, bai yi daidai ba. Na farko galibi daga lissafi ko tsarin jira na direba yake fitowa. Na biyu galibi lantarki ne, wato lokacin da kwantirola, sashen bod da ke magana da kati, ke ɗaukar bit daga waya. Tunda kana ganin duka biyun, ka ɗauka matsala biyu kake da su har sai gwaji ya nuna akasin haka.

Rarrabewa tukuna

Ka san umarnin da ya faɗi da matakin da ya faɗi. Linux tana da wuraren bin sawu guda biyu, mmc_request_start da mmc_request_done, a ƙarƙashin /sys/kernel/tracing/events/mmc. Su za ka kunna maimakon printk, domin a RAM suke rubutu, ba sa sauya lokacin aiki sosai. A layin mmc_request_done za ka ga cmd_err, data_err da stop_err kowanne daban, tare da bytes_xfered. Faɗuwar CMD25 (umarnin rubuta bulok da yawa) a matakin data daban take da faɗuwar CMD13 (umarnin tambayar halin kati) da ya biyo bayansa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Leƙa /sys/kernel/debug/mmc0/ios ka ga agogon da ya fita a zahiri, faɗin layi, da ko wutar sigina 3.3 ce ko 1.8. A SDHCI, wato daidaitaccen tsarin kwantirolar SD, kafin siga ta 3.00, ana raba agogo da 2, 4, 8 da makamantansu ne kawai, don haka abin da ka nema ba lallai shi ne ya isa kati ba.

Daga nan sai gwaji huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa biyu. Sauke max-frequency a fayil ɗin DTS, mai bayyana wa kenel kayan bod, zuwa 12.5 MHz, idan -84 ya tafi, -110 ya zauna, ka raba su ke nan. Mayar da bus-width zuwa 1. Kashe DMA, wato kwasar bayanai tsakanin kwantirola da RAM ba ta hannun furosesa ba, a direbobin SDHCI sdhci.debug_quirks=0x60 yana yin haka, sai dai ka sani yana maye gurbin sauran alamomin quirks da direban bod ɗinka ya sa, ba ƙarawa yake yi a kansu ba. Na ƙarshe, gwada karatu zalla da rubutu zalla da dd, da iflag=direct ko oflag=direct, a katin da ba ka damu da abin da ke cikinsa ba.

Wa'adi: inda -110 ya fi fitowa

Ƙa'idar SD ta ba katin SDHC milisakan 100 ya fara kawo bayanan karatu, da milisakan 250 na rubutu. Katin SDXC yana iya kaiwa 500 a wasu lokuta, kuma ƙa'idar da kanta ta ba masu kwantirola shawarar su jira fiye da 500. Linux ba ta tsaya nan ba: mmc_set_data_timeout yana ba rubutu daƙiƙa 3, saboda katunan kasuwa ba sa cika alkawari. Dalilin doguwar jiran shi ne kati yana da tasa ƙaramar furosesa a ciki, wadda takan tsaya ta goge manyan sassan filash ta tattara bayanai wuri ɗaya. Yawancin rubutu suna ƙarewa cikin 'yan milisakan, sai ɗaya daga cikin dubbai ya ɗauki ɗaruruwa. Ƙaramin fayil ba ya kaiwa wurin. Babban fayil, musamman a katin da ya kusa cika, dole ya kai.

Aikin direba shi ne ya mayar da timeout_ns da timeout_clks zuwa lambar da rajista, wato gurbin saiti a cikin kwantirola, ke fahimta, kuma a nan ake ɓarin gari. Kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafi ya tumbatsa a bit 32. Ka ce direba yana ninka maikrosakan da kHz kafin ya raba da 1000. A 25 MHz, 100,000 sau 25,000 ya ba da biliyan 2.5, ya shiga. A 50 MHz sai ya zama biliyan 5, alhali iyakar bit 32 ita ce 4,294,967,295. Abin da ya rage 705,032,704 ne, wato bugu 705,032, wa'adin milisakan 14 maimakon 100. Ga matsalar da ke bayyana idan an ƙara gudu, kowa ya zargi waya, alhali ninkawa ce. Gyaran gajere ne:

```c
u64 bugu = (u64)data->timeout_ns * host->agogo_hz;
bugu = DIV_ROUND_UP_ULL(bugu, NSEC_PER_SEC) + data->timeout_clks;
```

Ka tabbata agogo_hz shi ne agogon da ke tafiya yanzu, ba wanda aka ajiye lokacin da kati ke 400 kHz ba. Lissafin da aka yi sau ɗaya a 400 kHz aka ci gaba da shi a 50 MHz ya gajarta wa'adi sau 125.

Sai iyakar rajistar kanta. A SDHCI, rajistar wa'adi tana 0x2E, tana karɓar 0 zuwa 0xE, wa'adin kuma bugun TMCLK ne, wato agogon da ke ƙirga shi, sau 2 a ƙarfin (13 + wannan lambar), mafi tsawo 2^27. Idan TMCLK 50 MHz ne, iyakarka daƙiƙa 2.68. Idan 200 MHz ne, milisakan 671 kacal. TMCLK ɗin ana karanta shi daga rajistar 0x40, kuma akwai kwantirolocin da ke faɗin abin da ba shi ba ne, ko kuma suna ƙirga da agogon kati kai tsaye. Saboda irinsu aka yi SDHCI_QUIRK_DATA_TIMEOUT_USES_SDCLK da SDHCI_QUIRK_BROKEN_TIMEOUT_VAL. Kwantirolar DesignWare da ke cikin na'urori da yawa na Rockchip da Exynos, a tsarinta na asali filin wa'adin bit 24 ne: bugu 16,777,215, kimanin milisakan 335 a 50 MHz. Bai ma kai 500 ba. Idan abin da ake buƙata ya wuce abin da rajista za ta ɗauka, kada ka yanke shi shiru. Ka kashe sanarwar wa'adin kwantirola ka riƙe lokacin da agogon kenel, sannan ka cika mmc->max_busy_timeout da gaskiyar iyakarka, domin idan jiran ya wuce ta, kenel zai koma tambayar kati da CMD13 da kansa.

Hanyar auna TMCLK ba wuya: sa lamba sananniya a rajista, aika umarnin karatu da ka san bayanai ba za su zo ba, auna lokacin da sanarwar kuskure ta ɗauka.

Kati bai gama ba, direba ya aika na gaba

Wannan shi na fi zargi a labarinka, domin shi ne ainihin irin ciwon da udelay kafin umarni ke ɓoyewa. Bayan kowane bulok na rubutu, kati yana mayar da bit uku na hukuncin CRC, 010 idan ya karɓa, 101 idan ya ƙi, sannan ya ja DAT0, layin bayanai na farko, ƙasa ya riƙe har ya gama shigarwa. Haka yake yi bayan umarni masu amsar R1b, wato amsa mai haɗe da alamar yana kan aiki, irin su CMD12 na tsayarwa da CMD38 na gogewa. Wasu kwantiroloci suna jira a saki DAT0 kafin su ce an gama. Wasu kuwa da bit na ƙarshe ya fita daga FIFO, ɗan wurin da bayanai ke layi a cikin kwantirola, sun yi shela. Idan direbanka ya sa MMC_CAP_WAIT_WHILE_BUSY alhali kwantirolar ba ta jira, ka yi wa kenel ƙarya, shi kuma zai yarda da kai ya aika umarni na gaba ga katin da ke tsakiyar aiki. Katin da ke halin shigar da bayanai ba ya amsa umarnin karatu ko rubutu. Shiru zai yi, bugu 64 da aka ba amsa su wuce, ka ga -110 a kan umarnin da bai yi laifin komai ba.

Gyaran shi ne a jira sharaɗin kansa. A SDHCI, rajistar 0x24 tana nuna bit 0 idan layin CMD yana hannu, bit 1 idan layukan DAT suna hannu, bit 20 kuma matsayin DAT0 ne. Umarnin da zai yi amfani da DAT, ko mai amsar R1b, sai bit 0 da bit 1 sun sauka ake aika shi. CMD12 na katse aiki ne kaɗai ba ya jiran bit 1. Rubuta card_busy a cikin mmc_host_ops idan kana iya karanta DAT0. Kuma kada ka dogara da kallo ɗaya: kati yana iya ɗaukar 'yan bugu kafin ya ja layin ƙasa, a 400 kHz kuwa bugu ɗaya maikrosakan 2.5 ne, furosesa ta riga shi nesa ba kusa ba. Sai ta ga layi a sama ta ce an gama alhali ba a fara ba.

Tabbaci na ƙarshe CMD13 ne. A amsarsa bit 8 yana nufin a shirye yake, bit 9 zuwa 12 kuma halin da yake ciki: 4 zaman jiran umarni, 5 aika bayanai, 6 karɓa, 7 shigarwa. Abin da kake son gani 0x900. Idan ka ga 0xE00 yana kan aiki. Duba duka biyun, bit 8 da halin, kamar yadda Linux ke yi, domin akwai katunan da ke ɗaga bit 8 tun suna hali na 7.

Akwai tarko ɗaya a ɓangaren tanadin wuta. An yarda a tsayar da agogo yayin da kati ke aiki, zai gama shigarwarsa ba tare da shi ba, amma ba zai saki DAT0 ba sai ya sami bugu. Direban da ya kashe agogo sannan ya zauna jiran DAT0 zai jira har abada. Kati kuma yana buƙatar bugu 8 bayan ƙarshen kowace hulɗa kafin a tsayar da agogo, da bugu 8 tsakanin amsa da umarni na gaba. Bayan CMD6 na sauya gudu ma a jira aƙalla bugu 8 bayan ƙarshen bayanansa kafin a taɓa agogo. Wajen sauyawar, kashe agogon kati a bit 2 na rajistar 0x2C, sauya rabo, jira bit 1 ya nuna ya daidaita, sannan ka kunna. Sauya rabo agogo yana tafiya yakan fitar da guntun bugu wanda kati zai ƙirga a matsayin cikakke.

Rige-rige a cikin IRQ, sanarwar kwantirola ga furosesa

Kada ka ɗauka abubuwa za su iso a jere: amsar umarni, gamawar DMA, gamawar bayanai. A ƙaramin karatu mai sauri, bulok ɗaya na bayit 512 a layi huɗu bugu 1024 ne da 'yan kai, kusan maikrosakan 21 a 50 MHz. Idan furosesa ta makara kaɗan, za ta tarar da alamomin biyu a rajista lokaci guda, ko ma ta sarrafa na bayanai kafin na umarni. sdhci.c yana da tuta mai suna data_early saboda wannan kawai, dw_mmc kuma yana riƙe gamawar DMA da gamawar bayanai a matsayin abubuwa biyu daban, sai sun cika duka yake rufe buƙata. Haka ya kamata naka ya kasance: kowane abu ya ɗaga tutarsa a ƙarƙashin makulli ɗaya, wuri ɗaya tak ya duba ko tutocin sun cika ya kira mmc_request_done, sau ɗaya.

Goge alamomi ma yana da ladabinsa. Rajistocin nan ana goge bit ɗinsu ne da rubuta 1. Wanda ya karanta rajista sannan ya rubuta 0xFFFFFFFF ya goge har da abin da ya iso tsakanin karatun da rubutun, kuma wannan IRQ ɗin ba zai sake zuwa ba. Sakamakon shi ne saƙon "Timeout waiting for hardware interrupt" bayan daƙiƙa 10, alhali rajistocin da aka zubo suna nuna kwantirola zaune ba ta aikin komai. Ka mayar da abin da ka karanta kaɗai, ka sake karantawa har ta zama sifili. Sannan duk abin da mai sarrafa IRQ zai duba, irin su host->cmd da host->data, a cika shi kafin a rubuta rajistar da ke harba umarni. Idan kana amfani da writel_relaxed, babu tabbacin cewa teburin DMA da ka rubuta a RAM ya sauka kafin kwantirola ta fara karanta shi. Rubutun da ke harbawa ya zama writel cikakke, ko ka sa wmb() kafinsa.

Idan alamomi masu karo da juna suka zo tare, ƙa'idar SDHCI ta yanke hukunci. Gamawar bayanai ta rinjayi cikar wa'adin bayanai, don haka aikin ya yi. Cikar wa'adin umarni kuwa ta rinjayi gamawar umarni, amsar ba ta zo daidai ba. Wa'adin umarni tare da kuskuren CRC ɗinsa suna nufin ɓangarorin biyu sun yi magana a layin CMD lokaci guda.

Bayan kowane kuskure, kafin sake gwadawa: tsayar da DMA, sake saita layin CMD da na DAT ta rajistar 0x2F ka jira bit ɗin su sauka, aika CMD12, sannan CMD13 har kati ya koma hali na 4. Tsallake wannan shi ke sa -84 guda ɗaya ya haifi jerin -110, ka yi ta bin na ƙarshe alhali na farkon ne mai laifi. Kullum ka nemi kuskure na farko a dmesg.

Idan kashe DMA ya gyara

Abu biyu ne. Ko dai FIFO yana ƙarewa ko cika saboda DMA bai sami hanyar RAM a kan lokaci ba, ko kuma kash, wato kwafin bayanan RAM da furosesa ke riƙewa kusa da ita. Layi huɗu a 50 MHz megabayit 25 ne a daƙiƙa. FIFO mai bayit 128 zai ƙare cikin maikrosakan 5. Yawancin kwantiroloci suna tsayar da agogon kati idan haka ta taso, amma ba duka ba. A STM32F4 za ka ga TXUNDERR ko RXOVERR, kuma takardar kurakuran guntun ta hana kunna HWFC_EN saboda yana ɓata bugun agogo, don haka mafita ɗaga fifikon DMA ne ko rage gudu. A sauran, duba cewa girman tarin da DMA ke ɗauka a tashi ɗaya ya dace da matakin FIFO da aka saita.

Matsalar kash ta fi muni domin ba ta da lambar kuskure: CRC ya wuce, fayil ya lalace. A Linux, dma_unmap_sg ya zo bayan DMA ya tsaya da gaske kuma kafin mmc_request_done. A bod marar Linux mai Cortex-M7, bafa ta zauna a kan iyakar bayit 32, tsawonta ya zama ninkin 32, a sauke kash zuwa RAM kafin rubutu, a soke shi bayan karatu. A SDMA, nau'in DMA mai sauƙi na SDHCI, kuma akwai iyakar adireshi, mafi girma KB 512, inda kwantirola ke tsayawa har a ba ta sabon adireshi. Direban da ya manta da wannan sanarwar manyan fayiloli kawai yake kasawa.

-84 da lissafin nanosakan

A yanayin 50 MHz bugu ɗaya nanosakan 20 ne. Kati yana da izinin ɗaukar har 14 bayan hawan agogo kafin ya fitar da bit. Saura 6, kuma a cikinsu agogo zai je kati, bit ya dawo, kwantirola ta sami lokacin da take buƙata kafin ɗauka. Layin bod yana cin kusan nanosakan 1 a kowane santimita 15, zuwa da dawowa biyu ke nan. Ƙara guntun sauya ƙarfin wuta a tsakani, ko kebul, ko adaftar microSD, sai 6 ɗin nan su ƙare. Shi ya sa kwantiroloci da yawa ke da agogon da ke dawowa daga fil, ko matakan jinkirta ɗauka, kuma saitin nan a direba ko DTS yake.

Wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: a yanayin gudun asali na 25 MHz kati yana fitar da bit ne daga saukar agogo, ba hawansa ba. Rabin bugu 20 ne, a cire 14, sauran 6 ne dai. Cire cap-sd-highspeed ke nan bai ƙara maka sararin karatu a takarda ba. Abin da ke ƙarawa shi ne barin kati a yanayin sauri tare da sauke max-frequency: a 25 MHz sararin ya zama 26. A ɓangaren rubutu, kati a yanayin sauri yana son bit ya zauna nanosakan 6 kafin hawan agogo da 2 bayansa, a yanayin asali 5 da 5. Idan kenel ya sauya kati da CMD6 amma set_ios bai sauya gefen da kwantirola ke fitarwa ba, rubutu ne zai riƙa faɗuwa. Karatu yana faɗuwa, duba lokacin ɗauka. Rubutu yana faɗuwa da 101, duba lokacin fitarwa.

Ɗora osiloskof a soket ɗin kati, ba a gefen furosesa ba, da gajeriyar wayar ƙasa. Idan CLK, layin agogo, yana rawa a tsakiyar hawansa, kati zai ƙirga bugu biyu. Resista mai ohm 22 zuwa 33 a jere kusa da furosesa, ko rage ƙarfin tura fil a pinctrl, sukan kwantar da shi. CMD da DAT0 zuwa DAT3 suna buƙatar resistoci masu jan su sama, tsakanin kilo-ohm 10 da 100. Kayan kariyar ESD, wato tartsatsin lantarki, masu kafasitans mai yawa suna kasalar da gefen sigina. Ka kalli VDD, wutar da ke ciyar da kati, ma lokacin rubutu: kati yana iya jan miliamfiya 200 a yanayin sauri, idan wuta ta faɗi ƙasa da volt 2.7 zai iya sake tashi daga farko, direba kuma abin da zai gani -110 ne. Kafasita mai maikrofarad 10 da wata mai nanofarad 100 a gindin soket su ne abin da aka saba sawa.

Idan ka hau SDR104, yanayin gudu mai kaiwa 208 MHz, lissafin takarda ya daina aiki. A 208 MHz bugu nanosakan 4.8 ne, bit na iya isowa ko'ina tsakanin sifili da bugu biyu, tagar da yake tsayawa kuma tana iya ƙanƙancewa zuwa 2.88. Dole a nemo tagar da CMD19, wanda ke sa kati ya aiko da sanannen bulok mai bayit 64. A eMMC CMD21 ne. Direba ya bi duk matakan jinkiri, ya rubuta wanda ya ci da wanda ya faɗi, ya zaɓi tsakiyar taga mafi faɗi. Kurakuran da ake yi a nan sanannu ne: ɗaukar mataki na farko da ya ci, wanda a bakin rami yake, mantawa cewa tagar na iya zagayowa daga mataki na ƙarshe zuwa na farko, rashin tsabtace kwantirola bayan matakin da ya faɗi, har faɗuwarsa ta shafi na gaba. Buga taswirar matakan ka gani da idonka. Idan tagar matakai biyu ce ko uku daga cikin talatin da wani abu, bod ɗin bai isa wannan gudun ba, sauka SDR50 ya fi maka. Ƙa'idar ta kuma yarda lokacin isowar bit ya gusa har nanosakan 1.55 idan kati ya yi zafi, fiye da rabin tagar. Na'urar da aka saita da sanyin asuba, ta wuni a rufaffen akwati cikin zafin Afrilu a Sakkwato ko Zinder, tana buƙatar sake saiti. Kenel yana neman sake saitin ne idan direba ya mayar da -EILSEQ. Direban da ke mayar da -EIO ko -ETIMEDOUT a kan kuskuren CRC ya toshe wannan hanyar.

Sauyawa zuwa volt 1.8 tana da jerinta: CMD11, kati ya ja CMD da DAT ƙasa, a tsayar da agogo, a sauya regileta, a jira aƙalla milisakan 5 (Linux tana jiran 10), a kunna agogo, cikin milisakan 1 kati ya saki DAT. Katin da ya shiga 1.8 ba ya komawa 3.3 sai an yanke masa wuta, ta sauka ƙasa da volt 0.5 na aƙalla milisakan 1. Bod ɗin da ba ya iya kashe vmmc, wato wutar kati, zai ga kati a tashin farko, ya rasa shi bayan reboot. Irin wannan bod a sa masa no-1-8-v.

Jinkirin da ya halatta, da gwajin gyara

Akwai 'yan wurare da ƙa'ida ta ba da adadi, babu sharaɗin da za a duba: milisakan 1 bayan wuta ta daidaita, bugu 74 kafin CMD0, jiran sauya volt, da bugu 8 da aka ambata. Ko a nan, abin da aka faɗa da bugu a lissafa shi daga agogon da ke tafiya. Bugu 74 a 400 kHz maikrosakan 185 ne, a 100 kHz kuma 740. ACMD41, umarnin tayar da kati, ana maimaita shi har daƙiƙa 1. Duk sauran jira ya zama duba rajista mai iyakar lokaci, da readl_poll_timeout ko read_poll_timeout, ba madauki mai ƙirga zagaye ba, domin zagaye dubu a furosesa mai sauya gudunta ba lokaci ba ne.

Kafin ka zargi direba da lalata bayanai, wuce da katin ta f3write da f3read a kwamfuta, saboda katin jabu mai ƙaryar girma yana kwaikwayon wannan ciwon sarai. Sannan cire printk da udelay ɗin, ka gwada da katuna daga kamfanoni daban-daban, har da tsoho mai jinkiri da wanda ya cika kashi 90. Rubuta bayanan /dev/urandom masu yawan gigabayit, ka karanta da iflag=direct ka gwama sha256sum, yayin da wani aiki ke matsa wa RAM da furosesa lamba. Sifili zalla ba gwaji ba ne, domin layukan ba sa motsi. Maimaita bayan bod ya kwanta ya farka, da kuma bayan ka ɗumama shi. mmc_test na kenel yana gwada bafa marasa daidaiton adireshi da aikin da aka katse da gangan, amma yana share katin.

Kada ka yi hukunci da cewa dd ya gama lafiya. mmc_block yana sake gwada buƙatar da ta faɗi a ɓoye, don haka fayil na iya fita daidai alhali CRC yana faɗuwa jefi-jefi. Bar mmc_request_done a kunne tsawon gwajin da tace mai kama duk layin da cmd_err ko data_err ba sifili ba. A SDR104 za ka ga faɗuwar CMD19 lokacin neman taga, wannan daidai ne; a kan CMD18 na karatu da CMD25 na rubutu kuwa adadin da ake nema sifili ne.